BAƘON SHEKARA BIYU A OFISHIN ILIMI

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, mai sauri ya ajiye sai bayan isha'i.

Makon jiya wata takarda ta sauko teburina daga sama. Wai kowane sashe ya faɗi matasa nawa zai iya karɓa daga cikin waɗanda ake ba horon shugabanci, da kuma aikin da za a damƙa musu. Har yanzu ban amsa ba. Na tura ta cikin durowa, na koma gida ina ta juya maganar. Wannan tsari aro shi aka yi, kuma inda aka fi gwada shi a harkar ilimi shi ne manyan biranen Amurka. Sun fi shekara ashirin suna yi, sun sha daɗinsa sun sha ɗacinsa. Tunda rigar aro za mu sa, gara mu tambayi mai ita inda take matse shi.

Sai kun fara sanin yadda makarantun gwamnati suke a can kafin labarin ya yi ma'ana. Ba gwamnatin tarayya ce ke riƙe da su ba. An rarraba ƙasar zuwa gundumomin makarantu wajen 13,000, kowace da hukumarta. Galibi mutanen gari ne ke zaɓen 'yan hukumar da ƙuri'a, su kuma su ɗauko mutum ɗaya su ba shi shugabanci. A wasu birane magajin gari ne ke naɗa shugaban, kamar yadda ake yi a New York tun 2002. To gundumar babban birni ba ƙaramin abu ba ce. Ta New York ta taɓa riƙe ɗalibai sama da miliyan ɗaya. Ofishin da ke kanta shi ke biyan albashin dubban malamai, shi ke tsara motocin da ke ɗauko yara da safe, shi ke ciyar da su da rana, shi ke gyaran rufi, shi ke ba da kwangilar littattafai. Mutumin da aka ɗauko daga aji saboda ya iya koyar da lissafi, ba dole ba ne ya iya wannan.

A nan ne Eli Broad ya shigo. Akanta ne da ya tashi a Detroit, ya yi kuɗi da ginin gidaje, ya ƙara yi da harkar inshora da ajiyar kuɗin ritaya, ya rasu a 2021. Shi a ganinsa ciwon makarantun birni ba a aji yake ba, a ofis yake. Sai gidauniyarsa ta buɗe ƙofa biyu. Ta farko a 2002, makarantar horar da shugabannin gundumomi: a ɗauko tsofaffin hafsoshin soja, manyan kamfanoni, da wasu daga cikin malamai, a horar da su na wasu watanni, a taimaka musu su samu kujerar sama. Ta biyu ta biyo baya ba da jimawa ba, kuma ita ce ta fi kama da takardar da ke durowata: a ɗauko matasa masu digiri na biyu a fannin kasuwanci ko shari'a ko tsara manufofi, waɗanda sun taɓa aiki na wasu shekaru, a sa su a ofishin ilimi na birni su yi shekara biyu cif suna aikin gudanarwa, da albashinsu, a ƙarƙashin wani babba, gidauniya tana tallafa wa biyansu, lokaci-lokaci ana tara su ana ƙara musu karatu. Wata ƙungiya mai suna Education Pioneers ita ma ta fara irin wannan a Kalifoniya a 2003. A 2019 aka mayar da shirin Broad gaba ɗaya jami'ar Yale, da kyautar dala miliyan 100.

Ni dai ra'ayina, kuma shi ne ya sa na zauna rubutun nan: ƙofa ta biyu ta fi ta farko hankali nesa ba kusa ba. Amma ita ma tana da wani rami da ba a cika magana a kai ba, wato ranar tafiyar baƙon.

Bari in fara da kare su, don na san abokan aikina da yawa da sun ji an ce "matasa daga waje" sai su haɗe rai. Aikin ofis ba wasa ba ne, kuma idan ya lalace yaro ne ke biya. A 2007, da aka naɗa Michelle Rhee shugabar makarantun Washinton, cikin abubuwan farko da ta tarar akwai sito cike da littattafai da kayan karatu da ba a kai makarantu ba, alhali ana dab da komawa hutu. Wannan ba laifin malamin aji ba ne. Wani ne a ofis bai san abin da ke sito ba, bai san wa ya nema ba. A Los Angeles kuma, a 2014, an kunna sabuwar manhajar bayanan ɗalibai ba ta gama nuna ba. Sakamakon haka, a sakandaren Jefferson yara suka yi makonni babu jadawalin darasi na kirki, wasu an sa su a darasin da sun riga sun ci, wasu suna zaune a ɗakin taro ba malami. Sai da alƙali ya ba da umarni hukumomin jiha su sa baki. Kun ga kenan wanda ya iya lissafin kaya, ya iya bin kwangila, ya iya tambayar ɗan kwangilar kwamfuta tambayar da za ta sa shi gumi, yana yi wa ɗan talaka aiki ko da bai taɓa riƙe alli ba. Duk mai cewa sai malami kaɗai ne ya cancanci shiga ofishin ilimi, bai taɓa zama ya haɗa takardar albashi ba.

Inda aka samu matsala shi ne lokacin da tunanin ya hau kai, aka fara ganin duk wanda ya iya riƙe kamfani ya iya riƙe makarantu, kuma daga sama zai fara. Misalin da ya fi ba da dariya da takaici ba ma na Broad ba ne. A ƙarshen 2010 magajin garin New York, Michael Bloomberg, ya ɗauko Cathie Black, shugabar wani babban kamfanin mujallu, ya ba ta makarantun birnin. Ba ta da takardun da doka ta nema, sai da aka nemo mata sassauci daga kwamishinan ilimi na jiha, da sharaɗin a sa mata mataimaki masanin karatu. Ta kama aiki a Janairun 2011. A wani zama da iyaye suna kukan cunkoso a azuzuwa, sai ta yi raha da cewa a rage haihuwa. Kafin tsakiyar Afrilu ta sauka. Wata uku kenan da 'yan kwanaki.

Na Kansas City ya fi nauyi, kuma shi ne ya fi tsaya min a rai. John Covington, wanda ya fito daga makarantar Broad, ya tarar da gunduma mai gine-ginen da aka yi don ɗalibai masu yawa, yaran kuma sun ragu ƙwarai, kuɗi yana ƙarewa. A 2010 ya sa aka rufe kusan rabin makarantun. A gaskiya, ta fuskar lissafi yana da hujja. Ba za ka ci gaba da biyan wuta da mai gadi a ginin da rabinsa kango ne ba. Amma a Agustan 2011 sai ya ajiye aiki ya tafi Michigan ya karɓi wani. Makonni kaɗan bayan tafiyarsa hukumar ilimi ta jihar Missouri ta yanke shawarar janye wa gundumar takardar amincewa. Uwar da aka rufe makarantar unguwarsu, ɗanta yana hawa mota zuwa wata unguwa da bai san kowa ba, wa za ta je ta tambaya? Wanda ya yanke hukuncin yana wata jiha. A Shikago ma Jean-Claude Brizard, shi ma ɗan wannan makaranta, bai cika shekara biyu ba. Ya tafi a 2012 bayan yajin aikin malamai, shekara ta gaba aka rufe makarantu kusan 50, yawancinsu a unguwannin baƙaƙen fata.

A Los Angeles, John Deasy (shi dai asalinsa malami ne, kada in yi masa ƙarya, amma ya bi ta makarantar Broad) ya ɗauko shirin raba wa kowane ɗalibi iPad, na sama da dala biliyan ɗaya. Cikin kwanaki yara suka gano yadda ake cire makullin suna shiga Facebook da YouTube. Maganar yadda aka ba da kwangilar ta ja har FBI ta kwashi takardu, ko da yake ba a gurfanar da kowa ba. Ya sauka a Oktoban 2014.

Wani zai ce na zaɓo munanan ne kawai. To akwai masu bincike uku, Thomas Dee da Susanna Loeb da Ying Shi, da suka bi diddigin gundumomin da 'yan makarantar Broad suka shugabanta, suka gwada su da sauran. Ba su ga wani canji a fili ba a yawan masu kammala karatu ko kuɗin da ake kashewa kan koyarwa. Abu biyu suka gani: waɗannan shugabanni ba sa daɗewa kan kujera kamar sauran, sannan a zamaninsu yara sun fara karkata zuwa makarantun yarjejeniya, wato waɗanda gwamnati ke biya amma ƙungiyoyi masu zaman kansu ke gudanarwa, kuma karkatar ta ci gaba bayan sun tafi. Ko kana son irin waɗannan makarantu ko ba ka so, tambayar da Diane Ravitch ta daɗe tana yi tana nan. Ita tsohuwar babbar jami'a ce a ma'aikatar ilimi zamanin Bush uba, daga baya ta juya ta zama mai sukar wannan tafiya. Abin da take cewa shi ne, attajiri da kuɗinsa yana tsara alƙiblar makarantun jama'a, alhali babu wanda ya zaɓe shi, babu kuma wanda zai iya tsige shi.

Houston tana cikin wannan gwaji yanzu haka. A 2023 jihar Texas ta karɓe gundumar daga hannun zaɓaɓɓiyar hukuma, ta naɗa Mike Miles, tsohon soja, tsohon ma'aikacin diflomasiyya, shi ma ya bi ta makarantar Broad. Sakamakon jarrabawar jiha ya tashi a makarantu da yawa, wannan ba a musu. Amma malamai da shugabannin makarantu da yawa sun bar aiki, an mayar da ɗakunan karatu na wasu makarantu wani abu dabam, kuma da aka nemi mutanen gari a Nuwamban 2024 su amince a ciyo bashin dala biliyan 4.4 don gyaran gine-gine, sai suka ƙi. Makarantun suna bukatar gyaran, iyayen sun sani, amma ba su yarda su danƙa kuɗin a hannun wanda ba su da iko a kansa ba. Maki yana tashi, amana tana sauka, duka a gari ɗaya.

Ku koma Washinton ku ga wani abu. Rhee ta zo da zafi, ta rufe makarantu sama da ashirin a 2008, ta sallami ma'aikatan ofis da malamai, magajin garin da ya kawo ta ya faɗi zaɓen fid da gwani a 2010, ita ma ta tafi. Mataimakiyarta Kaya Henderson ce ta gaje ta, ta zauna har 2016. Kusan manufa ɗaya suke bi, daga shirin Teach For America duka suka fito. Amma ɗaya duniya ta san sunanta, ɗaya kuma ta zauna ta sha zaman taro da iyaye da ƙungiyar malamai shekara bayan shekara. In ka tambaye ni wadda ta fi yi wa yaran birnin aiki, ba zan yi dogon tunani ba.

Yanzu bari in faɗi nawa, don kada ya zama ina ta nuna Amurka da yatsa. Wasu shekaru da suka wuce an turo mana wata matashiya a ƙarƙashin wani shiri na masu ba da tallafi, shekara ɗaya. Ba zan faɗi ofis ba, ba zan faɗi shirin ba. Ranar da ta zo da kwamfutarta a jaka, da turancinta mai santsi, wallahi raina bai so ba. Ni na yi shekaru ina jiran ƙarin girma, ga wata an kawo an ba ta tebur kusa da darakta, alawus ɗinta ya fi albashina. Ta nemi jerin sunayen malamai na makarantun cikin gari, na ce mata fayil ɗin yana wajen oga. Yana cikin kabad ɗina. Ya kwana uku, ya yi mako, ya kusa wata. Allah Ya yafe min.

Ba ta yi faɗa ba. Sai ta koma wajen dattijon da ke rajista, wanda mu duka mun mayar kamar kujera a ofis. Kullum da safe ta je ta durƙusa, "Baba ina kwana, an tashi lafiya?" Shi kuma ya ce, "Lafiya lau 'yata, yau kuma me za a tono?" Cikin 'yan makonni ta haɗa jerin albashi da rahoton da hedimastoci ke turowa, ta fito da abin da kowa ya sani amma babu wanda ya taɓa rubutawa a shafi ɗaya: makarantun tsakiyar gari malamai sun yi yawa har wasu ba su da aji, na bayan gari kuwa malami ɗaya yana fama da aji biyu a haɗe. Da na ga takardar, kunya ta kama ni, na fito da fayil ɗin da kaina na kai mata. Ta ce, "Na gode yallaɓai," kamar ba ta san komai ba. Ta sani.

Baba ya gargaɗe ta a gabana. Ya ce mata, "'Yata, kin ga sunan nan? Matar wane ce. Wannan kuma ƙanwar wane. Wannan ciwon sikila ne da ɗanta, asibiti yana bayan makarantar, shi ya sa aka bar ta. Kwamfutarki ba ta san wannan ba." Na ƙarshen ta cire daga jerin. Sauran ta bari. Darakta ya sa hannu, aka fitar da takardun canjin wurin aiki, waya ta fara ƙara. Wasu sun tafi inda aka tura su, kuma na je da ƙafata wata makarantar bayan gari na ga aji da malaminsa a karon farko cikin shekaru. Wasu kuma aka soke nasu da kira ɗaya.

Sai shekara ta cika. Aka yi mata walima, aka ɗauki hoto, ta samu aiki mai kyau a wata ƙungiyar ƙasa da ƙasa, kuma ta cancanta. Jadawalin da ta gina yana cikin kwamfutar shirin, aka mayar da kwamfutar. Ta bar mana kwafi, amma babu wanda ya iya sabunta shi, domin babu wanda aka ce ya zauna kusa da ita ya koya. Ni da ya kamata in nema, girman kai ya hana ni. Baba ya yi ritaya bayan shekara biyu, ya tafi da nasa kundin a ka. Yau in ka tambaye ni malamai nawa ne a waccan makaranta ta bayan gari, sai na buga wa hedimasta waya.

Shi ya sa da na karanta labarin Kansas City ban yi mamaki ba. Girman ne ya bambanta. Yaro yana shekara goma sha biyu ko fiye a makaranta, baƙo yana shekara ɗaya ko biyu a ofis. Tsarin yana auna nasararsa da inda ɗan shirin ya kai bayan ya fita, ya zama darakta, ya zama kwamishina, ya zama shugaban gunduma. Ban taɓa ganin rahoton da ya koma ofishin bayan shekara uku ya tambaya ko abin da aka gina yana numfashi ba. Ko da yake, in za a yi adalci, da yawa daga matasan Broad sun zauna a harkar ilimi bayan shekara biyun, kuma wannan ne ma abin da ya fi ba ni sha'awa a shirin nasu: cikakken aiki aka ba su, da mai gida a kansu, ba yawon buɗe ido ba.

Mu ma nan mun fara. Kaduna ta buɗe nata shirin a 2018 da sunan Sir Kashim Ibrahim, ana rarraba matasa a ma'aikatu na shekara guda. Abin da nake so masu irin waɗannan shirye-shirye su riƙa tunawa, shi Sir Kashim ɗin malami ne. Kwalejin Katsina ya yi, ya koyar a Midil ta Borno, ya yi shekaru yana zagayen duba makarantu kafin ya zama minista, kafin ya zama gwamnan Jihar Arewa a 1962. Daga aji ya hau, a hankali.

Kuma mu ma'aikata mu daina yaudarar kanmu. Ba don muna aiki da kyau aka fara kawo mana baƙi ba. Fayil yana wata a tebur, jerin albashi ɗauke da sunan wanda ya rasu, ana tambayar adadin azuzuwa muna kallon silin. Wanda ya bar ƙofarsa a buɗe ba ya fushi don akuya ta shigo. Sai dai ita ma gwamnati ta sani, a cikin ofisoshin nan akwai matasa 'yan mataki na takwas da na tara masu kaifin kai, da aka bari suna ɗaukar fayil daga bene zuwa bene. Rabin kuɗin da ake kashewa kan baƙo ɗaya zai horar da uku daga cikinsu, kuma su suna nan har shekara talatin da biyar ta cika.

Gobe Litinin zan fito da takardar daga durowa. Zan rubuta mutum biyu muke so, ba biyar ba. Ɗaya ya kama bayanan malamai, ɗaya ya kama bin kayan da ake rabawa makarantu daga sito har aji. Kowannensu a ƙarƙashin mataimakin darakta zai zauna, ba zai sa hannu a canjin wurin aikin kowa ba sai ya taka ƙafa ya ga makarantar. Aikin a kwamfutar ofis za a yi shi, ba tasu ba. Kuma na riga na zaɓi yara biyu daga cikin namu da za a sa musu kujera a tebur ɗaya da su tun ranar farko, in an amince. Ɗayansu na kira shi ɗazu bayan la'asar na faɗa masa, ya ce, "Yallaɓai, ni da ko imel na ofis ba a buɗe min ba?" Na ce ya same ni ƙarfe takwas, da shi za mu fara.